Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Ajin Karatu, Malamansa da Ɗalibansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, shugabar mata, malamanmu, da sauran 'yan uwa mambobi na Agege, Mile 12, Idi-Araba da duk inda neman abinci ya kai ku a cikin Legas, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Waɗanda muka fara ta tare Allah bai nufa su ga ƙarshenta ba, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Duk wanda ya saba sauraron rahoton sakatare ya san yadda yake tafiya. A jero tarukan da aka yi, a bi da ziyarar asibiti da suna da ta'aziyya, a gode wa manyan da suka sa hannu a aljihu, can a ƙarshe, lokacin da rabin jama'a sun fara duba agogo saboda la'asar, sai a ce "muna kuma gode wa malamanmu na sa-kai." Layi ɗaya ke nan, shekara da shekaru. Bana na nemi izinin kwamitin zartarwa na juya tsarin. Taruka an yi su, ta'aziyya an je, duk suna rubuce a littafin ƙungiya ga mai son dubawa. Lissafin kuɗi kuma ma'aji zai karanto nasa idan na zauna. Ni labarin ajin koyon karatu na zo da shi, labarin waɗanda suka riƙe alli da waɗanda suka riƙe fensir.

Ga abin da ya sa. Wata Talata cikin watan Yuli ruwa ya tsinke tun azahar, irin ruwan Legas ɗin nan da ba tsawa ba iska, zuba kawai yake yi. Bayan isha'i na ratsa kwatoci zuwa ajinmu na Agege, niyyata in tabbatar an kulle ƙofa, don a ganina ba wanda zai zo. Sai na tarar da mutum uku a kan benci, sun naɗe wando zuwa gwiwa, an ɗauke wuta, suna zaune a duhu. Ina cikin ba su haƙuri su koma gida sai ga malamin ya shigo jiƙe sharkaf, ya sa littafin darasi a leda ya cusa a ƙarƙashin riga. Daga Ogba ya tako da ƙafa, domin masu danfo sun ninka kuɗin mota, abin da ke aljihunsa bai kai ba. Na ce, "Haba Malam, ai da ka yi zamanka." Ya ce, "Sakatare, na ce musu zan zo." Ya kunna fitilar waya ya jingina ta a taga, ya ce su buɗe inda aka tsaya. A wannan daren, kuɗin motar wata biyu bawan Allahn nan yake bin ƙungiyarku, kuma ni ne mai sa hannu a takardar biyan.

Yadda shekarar ta tafi

Mun shiga shekarar da aji uku, mun fita da huɗu. Na Agege shi ne uban, ana zama bayan isha'i, yawancin masu zuwa mahauta ne daga mayankar Oko-Oba, da teloli, da masu tuƙa Keke. Na Mile 12 sai bayan la'asar, lokacin da motocin tumatir da albasa suka gama sauke kaya, 'yan gwari da 'yan dako suka samu sararin wanke hannu. Na mata yana Idi-Araba, Asabar da Lahadi idan yara sun tashi, a wata Islamiyya da ta ara mana ɗaki ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba.

Na huɗun sabo ne, ajin hantsi. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta ƙara huɗu bayan wata uku, samarinmu da dama suka koma gadi. Mai gadi kuwa ba shi da dare, haka mai shayi. Mun daɗe muna cewa ba sa son karatu, ashe lokacin da muka sa ne lokacin aikinsu. Yanzu suna zuwa da hantsi, ido jajir. Wani ya kifa kai a kan littafi barci ya sace shi, malaminsu ba ya tashinsa sai ya ɗan samu minti goma.

Mun kuma gwada buɗe aji ga direbobin tanka da yaransu a wajen Apapa, bai yi ba. Direba yau yana layin lodi, jibi ya wuce Lakwaja, ba a sake ganinsa sai bayan sati biyu ko uku. Malamin ya yi ta zuwa yana tarar da sababbin fuskoki, kullum yana komawa kan a, e, i, o, u. Bayan wata biyu muka ce ya huta. Kuskuren namu ne, mun sayi allo kafin mu tambayi direbobin yadda aikinsu yake.

Wani abin da rajista ta nuna mana ƙarara shi ne ajinmu yana Legas, amma da kalandar Arewa yake tafiya. Azumi ya faɗo a watan Maris, muka dakatar da ajin dare saboda tarawihi da tafsiri. Babbar Salla ta zo farkon Yuni, mahauta da masu raguna ba wanda ke da lokacin kansa. Daga nan kuma damina ta kankama a gida, 'yan ci-rani suka ɗaure kaya suka nufi gona, bencinan Mile 12 suka yi wayam har bayan kaka. A da jan biro nake sawa in ja wa irin waɗannan layi, in rubuta "ya daina zuwa". Na daina. A watan Nuwamba sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, littafin ya sha ƙura da man gyaɗa amma yana nan, wasu ma sun cika shafukan da muka bar musu. Malamin Mile 12 ne ya kamata a yaba wa a nan. Duk tsawon daminar yana ɗaukar hoton shafi ɗaya kowane mako ya tura musu ta WhatsApp, ya bi shi da saƙon murya yana karantawa a hankali, da datarsa, ba wanda ya sa shi.

Sunan da muka sauke daga ƙofa

A ƙofar ajin Agege akwai allon da muka rubuta wa "Yaƙi da Jahilci". Ba mu muka ƙirƙiro sunan ba. Haka gwamnatin Jihar Arewa ta kira gangamin koyar da manya karatu a shekarun 1950, aikin da marigayi Malam Ahmadu Coomassie ya yi wa hidima, hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai saboda sababbin masu karatu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta fara fitowa tun 1939, wanda ya iya ya karanta wa waɗanda ba su iya ba a dandali. Daga baya Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1990. Iyayen wasunmu a irin waɗannan azuzuwan suka koyi rubuta sunansu, shi ya sa muke ji da sunan.

Sai ga wani dattijo mai sayar da goro ya zo rajista a watan Janairu. Ya sa wani yaro ya karanta masa allon. Ya yi shiru, sannan ya dubi mai rajista ya ce, "Ɗana, na sauke Alƙur'ani kafin a yi wa babanka kaciya. Da ajami nake rubuta wa gida wasiƙa tun ina saurayi. Da wane jahilin za ku yi yaƙi?" Ya juya zai tafi, sai da shugaba ya bi shi har bakin titi ya ba shi haƙuri.

Gaskiyar Baba ce. Fiye da shekara ɗari ke nan fataken goro suna sauka a Agege, tun ana ce wa Legas Ikko, kuma da ajami suke rubuta wasiƙa da lissafin bashi. Yawancin mazan da ke zama a bencinmu sun yi makarantar allo, sun wuce babbaƙu, sun wuce farfaru. Mutumin da ya san cewa alama a kan takarda tana ɗauke da sauti, kuma baƙi yana bukatar wasali kafin ya yi magana, ya riga ya ci rabin hanya. Mu ne muke mayar da shi farko kamar ɗan yaye. Kwamiti ya zauna, aka yi gardama mai zafi, don akwai waɗanda suka ga kamar za a zubar da tarihi, amma aka sauke allon. Yanzu "Ajin Karatu da Rubutu" kawai ke jiki.

Malaman ma suka canza salo. Maimakon a ce "wannan b ce", sai a ce "wannan ita ce ba guje ta boko, wannan lam jaye, wannan mim jaye." Littafin da ya fi yi mana aiki kuma yana aljihun kowa. Takardun Naira 200 da 500 da 1000 har yanzu suna ɗauke da ajami, su kuwa Naira 5 da 10 da 20 da 50 tun 2007 aka mayar da Hausar da ke jikinsu ta boko. Sai malam ya ce a fito da ɗari biyar. Kowa ya karanta "Naira ɗari biyar" da ajami ba gargada, malam ya rubuta ta da boko a allo, a bi baƙi bayan baƙi. Sannan a fito da hamsin, a ce to, ga "Naira" ɗin da kuka sani, ku nemo ta a nan. Ranar da aka fara wannan na ga dattawa suna dariya kamar yara, kowa yana juya kuɗinsa.

Ba wai komai ya zo da sauƙi ba. Hannun da ya saba tafiya daga dama zuwa hagu yana da taurin kai, har yau akwai mai buɗe sabon littafi ta baya. Rikicin b da d bai bar kowa ba, ga kuma ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa. Ita kuwa p, mun yi sulhu da ita: a rubuta Apapa daidai, a faɗe ta Afafa, ba wanda zai ci tarar wani.

Abin da ya kawo su

A da idan ka tambayi sabon ɗalibi me yake so, cewa yake ya iya rubuta sunansa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da tiransifa da POS suka mamaye kasuwa, amsar ta koma ɗaya: "Malam, alat nake so in iya karantawa." Bayan shi sai fom ɗin banki, da na katin ɗan ƙasa, da takardar haya da ejan ke miƙo wa mutum ya ce dangwala a nan.

Wani mai albasa a Mile 12 ya ba mu labarin da ya zaga kasuwar. Wani ya yi cinikin buhu biyu, ya nuna masa fuskar waya ya ce ya tura. A da yaro yake kira ya duba masa, idan yaron ba ya kusa sai ya yi tawakkali. Wannan karon ya ciro tasa wayar, ya bi saƙon da yatsa, leɓe yana motsi. Saƙon ƙarshe na safe ne, kuɗin da ke ciki ma na safe ne. Ya ce, "Oga, bai shigo ba, mu jira." Mutumin ya ce bari ya kira banki, ya matsa gefe yana waya, har yau bai gama wayar ba. Washegari mai albasa ya aika wa malaminsa rabin kwando. Uwargidan malam ta aiko mana da saƙon godiya, ta ce amma a gaya wa ɗalibai tumatir ma ana ci.

Gardamar da ba ta ƙare ba ita ce ta harshe. Ɗalibai Turanci suke so tun ranar farko, kuma suna da hujja, don alat ba da Hausa yake zuwa ba, allon mota ma haka. Malamai suka tsaya a kan sai an fara da Hausa. Ni ina bayan malamai. Wanda ke koyon haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, da ya haɗa "ta-ka-l-mi" zai ji takalmi ya faɗo masa a kunne, ya san ya yi daidai ba sai an gaya masa ba. Idan ka haɗa masa sabon rubutu da sabon harshe lokaci guda, kaya biyu ka ɗora masa a kai ɗaya. Sulhun da aka yi shi ne kashi na ƙarshe na kowane zama na Turancin kasuwa ne: kalmomin alat, ranakun mako, watanni, sunayen unguwanni. A watan Nuwamba malamin Agege ya kwashi ajinsa zuwa tashar jirgin ƙasa ta Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, suka tsaya gaban allo suna haɗa Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Mutane suna wucewa suna kallon dattawa da fensir a bayan kunne, su ko a jikinsu.

Akwai kuma abin da ya ba mu kunya da dariya tare. Wani dattijo a ajin dare ya yi wata huɗu yana karanta duk abin da ke allo, amma da an ce ya duba littafi sai ya daburce. Har wasu sun fara cewa girma ne, kan ya toshe. Shi ma ya fara janye jiki. Malaminsa, yaro ne ɗan jami'a, ya lura Baba yana miƙar da littafin can nesa kamar mai gudun hayaƙi. Ya ari tabaran limamin unguwa ya ce, "Baba, gwada wannan." Baba ya sa, ya dubi shafin, ya ce, "La ilaha illallahu, ashe haka suke!" Ya karanta layi uku a tsaye. Ido ne, ba kai ba. Sananne ne cewa mutum idan ya haura arba'in ganin kusa yana raguwa, mu ne ba mu taɓa kawo shi a rai ba. Da muka bincika sai ga irinsa da dama, har a ajin mata. Wani mamba mai shagon magani ya sayo tabaran karatu ya raba, Allah Ya saka masa. Su wa muka rasa a shekarun baya saboda wannan, suka tafi suna ganin su ne ba su da ƙwaƙwalwa, wannan tambayar ta daɗe tana damuna.

Ajin mata shi ya fi kowane aji riƙe mutanensa, domin su ba sa tafiya noma. Suna zuwa da goyo, wata da tiren awara ta ajiye a ƙofa. Bukatarsu daban ce: katin awo da na rigakafi, awon maganin yaro, takardar sakamakon makaranta da yaro zai kawo ya ce ya yi na ɗaya alhali ya yi na ashirin da ɗaya. Wata uwar adashi da ta shekara tana riƙe zubin mata a ka, tana dogara da 'yarta ta rubuta mata, yanzu da hannunta take cika littafinta, suna a hagu, kuɗi a dama. Ta ce rigimar "na zuba", "ba ki zuba ba" ta mutu a gidanta. Matsalar da ta rage ta mazaje ce. Akwai matan da suka fara aka hana su. Shugabar mata da limamai biyu sun bi gida gida, an dawo da wasu, wasu har yanzu. Ina roƙon mazan da ke zaune a nan, kun san kanku.

Malaman

Su waye su? Akwai malamin firamare da ke tashi daga aji ya faɗa wani ajin. Akwai ɗalibai daga jami'ar Legas da ke Akoka, da ta jiha da ke Ojo, da kwalejin fasaha ta Yaba. Akwai masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga Arewa, suka nemo mu da kansu. Akwai tela. Akwai wata dattijuwa Bayarabiya, tsohuwar malamar makaranta da ta girma a Sabon Garin Zariya, Hausarta ta fi ta 'ya'yanmu da aka haifa a Agege. Mama kowa ke ce mata. Ita ta koya wa matan Idi-Araba lissafi, ta ƙara musu da ƙirgen Yarabanci don kada a cuce su a kasuwa. Sai wanda na fi alfahari da shi, wani mahauci da ya fara a wannan bencin bai san alif na boko ba, bana shi ke riƙe da sababbin shiga. Ya fi kowa haƙuri da su, don ya san inda abin yake ciwo.

Koyar da babba ba irin koyar da yaro ba ne. Ba tsawa, ba bulala, ba ka fito da mutum gaban allo ya kasa a gaban yaran shagonsa. Magidanci ne mai mata da 'ya'ya, wataƙila da kuɗinsa ya fi ka, ya haɗiye girmansa ya zo ya ce bai sani ba. Kuskure ɗaya na baki, ko dariya ɗaya daga bayan aji, ka rasa shi har abada. Na sha ganin ɗan jami'ar nan ya durƙusa a gefen benci, ya kama hannun da ya shekara talatin yana riƙe wuƙa, yana bi da shi a kan layi har harafin ya tsaya da ƙafarsa. Shi yana cewa "Baba", Baba yana cewa "Malam", kowa ya ba ɗan uwansa girmansa. An ce gemu ba ya hana ilimi, amma ba a cika faɗin irin ladabin da ake bukata kafin a koyar da mai gemun ba.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗannan mutane ba albashi muke ba su ba, alkawarin kuɗin mota kawai muka yi musu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota yake hawa, abin da muke ba su yana nan inda yake, shi ɗin ma muka kasa biya a kan lokaci. Ba don asusu ya bushe ba. A watan da muka ce wa malamai su ƙara haƙuri, a watan muka kama rumfa da kujeru da masu dafa shinkafa saboda taron barka da Salla. Ni na sa hannu a duka biyun. Malami ɗaya ya bar mu a Agusta ya kama koyarwar da ake biyansa, kuma duk wanda na ji yana zarginsa sai na tambaye shi sau nawa ya taka daga Ogba cikin ruwa. An biya bashin gaba ɗaya a Oktoba, bayan 'yan kasuwar Mile 12 sun yi karo-karo na musamman, mahautan Oko-Oba suka cika. A madadin kwamiti ina neman afuwar malamanmu a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a muka yi alkawarin.

Ranar karramawa

Ranar 8 ga Satumba ita ce ranar karatu da rubutu ta duniya, wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ayyana a 1966. Bana ta faɗo Litinin, sai muka yi namu taron Lahadin da ta biyo baya. Babban teburi malamai muka zaunar a kai, manyan baƙi suka zauna a sahun gaba, kuma ba wanda ya yi fushi, ko dai ba wanda ya nuna. Ba a yi dogayen jawabai ba. Kowane aji ya zaɓi mutum biyu suka karanta wasiƙar da suka rubuta wa malaminsu da hannunsu. Baba mai goro ya rubuta tasa sau biyu a takarda ɗaya, sama da ajami, ƙasa da boko, ya ce kowa ya ɗauki wadda ya iya. Da uwar adashi ta zo tsakiyar tata sai murya ta ƙi, Mama ta taso daga kan teburi ta tsaya kusa da ita, ba ta karɓi takardar ba, ta jira har ta ƙarasa da kanta.

Waɗanda suka kammala matakin farko sun karɓi takardar shaida ta ƙungiya, kuma kowa da biro ya sa hannu a rajista. Kwalin tawadar dangwale da muka saba ajiyewa a gefe bai yi aiki ba ranar. Malamai maza sun samu shadda, mata atamfa. Shawarar ɗalibai ce aka ƙara wa kowanne lema da takalmin ruwa.

Abin da ke gaban wannan taro

Kwamiti yana neman amincewarku a kan cewa daga Janairu kuɗin motar malamai shi ne farkon abin da za a cire daga kuɗin wata, kafin rumfa, kafin shinkafa, kafin komai, kuma a riƙa duba shi duk wata shida a daidaita shi da farashin mota. Muna kuma so a mayar da babban zangon karatu daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da 'yan ci-rani suke gari, damina ta zama ta bita da saƙon waya, ƙungiya ta ɗauki nauyin datar. Za mu nemi zama da hukumar ilimin manya ta Jihar Legas a kan yi wa azuzuwanmu rajista, domin masu son ci gaba su samu takardar da za a karɓa a wajen ƙungiya. Ɗakin Agege kuma mai shi ya ƙara haya, ko dai mu biya ko mu nemi wani kafin azumi, duk mai masaniyar wuri ya ga shugaba.

Ajin hantsi malami ɗaya ne da shi, idan ya yi zazzaɓi aji ya tashi, muna neman mutum biyu. Ajin mata yana neman wadda za ta riƙa kama yara awa biyu, ba sai ta iya karatu ba. Masu sayen jaridar Aminiya kada su ba mai ƙosai idan sun gama, waɗanda suka wuce matakin farko ba su da abin karantawa. Wanda kuma yake da tsohon tabaran karatu a durowa ya kawo, akwai kwali a teburin sakatare a bakin ƙofa. Rajistar sababbin ɗalibai tana buɗe daga gobe bayan la'asar, kuma bana kafin a miƙa wa mutum fensir sai an fara gwada idonsa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya